Muddin Akwai Tattabara Ɗaya

Duk unguwar Baffa suke ce masa, har waɗanda suka girme shi, don sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. In baƙo ya zo nemansa ba a nuna masa ƙofa, sama ake nuna masa da baki, a ce, "Ga shi can kan soro wajen 'ya'yansa." 'Ya'yan nan kuwa tattabaru ne.

Gidan bene ne a tsakiyar tsohon gari, inda lunguna suka matse har mai kura ba ya iya juyawa sai ya koma da baya. Na ƙanensa ne, marigayi, mai sayar da tayoyi. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma ƙanen ya zo duniya da hannun kasuwa, Baffa ya zo da hannun kama tsuntsu. Ba wai bai nemi na kansa ba. Ya yi dako a tashar kaya, ya yi facin keke, ya yi gadin sito, kuma duk inda aka kore shi tattabara ce ta jawo. A wajen gadin ma, ƙofar sito ya bari a hangame ya bi wani garke da ido har ya tsallaka titi, kafin ya dawo an yi awon gaba da buhunan mutane. Aure sau ɗaya ya yi. Matar ta yi haƙuri iya haƙuri, ran nan ta buɗe tukunya ta tarar da gashin tsuntsu a ciki, ta rufe, ta ɗaure kayanta. Ba su haihu ba. In an tuna masa da ita yakan ce, "Ai ba ta yi ƙarya ba, gashin yana ciki."

Da bayansa ya ƙi dako, ƙanen ya ba shi kan soro. Ya buga masa ɗan ɗaki na kwano a kusurwa, shi kuma ya jera akurkai da katakon akwatuna, ya ajiye kaskon ruwa da garwar tsaba. A nan ya tsufa. Ranar da ciwo ya kwantar da ƙanen har aka san ba tashi, ya sa aka kira maƙwabta, cikinsu har da tsohon Tela na bakin lungu. Ya dubi ɗansa ya ce, "Ka ji ni da kyau. Muddin akwai tattabara ɗaya a kan soron nan, kada wanda ya taɓa min Yaya." Har murmushi ya yi da ya faɗa, don a ganinsa ya ɗaure magana har abada. Wa zai raba Baffa da tattabara?

Ɗan nan Manaja ake ce masa, tun yana firamare, saboda yadda yake raba wa yara aiki shi yana tsaye. Ya girma bai canza ba. Yana gaida Baffa, yana sa matarsa ta aika masa da abinci, amma duk sanda ya hau soron ba Baffan yake kallo ba. Daga can sama ana ganin tsohon garin kaf: ganuwa da ƙofofinta, hasumiyoyi, rufin kasuwa, har kogi can nesa yana ƙyalli. Manaja yakan tsaya ya riƙe ƙugu, yana jera tebura da kujeru a cikin kansa, yana ganin baƙi masu yawon buɗe ido suna shan shayi. Sai ya sunkuya ya ga kashin tattabara a takalminsa. Maganar uba ta tsaya masa a wuya, ga shi kuma a gaban shaidu aka yi ta.

Baffa ya san da haka sarai, kuma ko a jikinsa. Da sassafe zai buɗe akurkai, ya ɗaga doguwar gorarsa mai tsumma a kai, ya kaɗa, garke ya tashi fuuu ya shiga zagaya unguwa. Yana da dokokinsa, waɗanda duk mai kiwon tattabara ya sani. Ba ka sakin su duka. Masu kwanci da masu 'yan shila a gida suke zama, don su ne igiyar da ke jawo mazan. Ba ka cika musu ciki kafin tashi, don mai yunwa ne ke jin kira. Sannan kana riƙe guda ɗaya a hannu, wadda in ka cilla ta sama ta yi fiffika ta sauka, sauran su biyo ta. Tasa wata tsohuwa ce fara tas, mai ƙiba, mai tafiya tana rangaji, ya sa mata suna Gwaggo. Gwaggo ba ta taɓa wuce soron maƙwabci ba. In ya yi fito, wani fito mai hawa biyu da ba wanda ya iya shi, ya cilla Gwaggo, ko garken yana bayan ganuwa sai ya zubo.

Akwai wata doka kuma, ta tsakanin masu kiwo: tsuntsun da ya sauka a soronka naka ne, ba shari'a. Soro kaɗan daga na Baffa akwai Mai Walda, shi ma yana kiwo, kuma shekara da shekaru Baffa yana yi masa ƙwace da wannan doka. In tattabarun Mai Walda suka ruɗe suka biyo nasa, sai ya rufe akurki, ya leƙa ta kan katanga ya ce, "Maƙwabci, ka gaida gida!" Kada a ce Baffa waliyyi ne. Mugun ɗan tsokana ne in ya samu sarari.

Wata rana da hantsi Manaja ya hau da baƙi. Mace ce a gaba, da malafa da baƙin tabarau, ana ce mata Darakta. Bayanta wani ƙato mai cin cingam ɗauke da akwati. Manaja bakinsa har kunne.

"Baffa, ga manyan baƙi. Fim suke yi na ƙasar nan baki ɗaya, daga sama. Sun ɗauki duwatsu, sun ɗauki tafkuna da gonaki da tsofaffin birane. Yanzu namu garin suke so, ni kuma na ce musu ba su ga komai ba sai sun ga tattabarun Baffana."

Baffana! Rabon da ya ji wannan kalma daga bakin Manaja tun yaron yana yawo ba wando.

Ƙaton ya buɗe akwati ya fito da wani ɗan jirgi mai ƙafa huɗu, kowace ƙafa da farfela, ga kyamara a cikinsa kamar ido. Ya ajiye shi, ya danna na'urar hannunsa, abu ya yi ƙugi ya tashi tsaye, ya tsaya cak a sararin sama ba gaba ba baya. Nan take akurkai suka yi tsit. Baffa ya ga yadda tsuntsayen suka karkata kai suna duban sama da ido ɗaya.

"Hajiya," ya ce, "wannan abin naku a wajensu shaho ne. Duk abin da ya tsaya musu a ka haka, ba za su sauka ƙarƙashinsa ba."

"Haba Baba," in ji Darakta, ta cire tabarau, "ɗan lokaci kaɗan ne. Ka san mutum nawa za su ga tsuntsayenka? Duk ƙasar nan, har ƙasashen waje. Aikinka tarihi ne, wallahi. Irinku kun kusa ƙarewa."

Ka tuna, mutumin nan tun yana yaro zagi yake sha a kan tattabara. Uwa ta yi faɗa, mata ta tafi, iyayen gida sun kora. Bai taɓa jin wani mai takalmi mai tsada ya kira abin da yake yi aiki ba. Kansa ya kumbura. Ya dubi Manaja, Manaja ya gyaɗa masa kai. To Manajan nan fa a kan soron ya tashi, Baffa ne ya koya masa riƙe gora, ya sha ganin abin da shaho ke yi wa garke. In wani ya ce bai san abin da yake yi ba, ƙarya yake.

Aka gwada. Baffa ya saki mazan kawai, yadda ya saba, jirgin yana can gefe. Darakta ta leƙa ɗan allon da ke hannun mai jirgi ta tsuke baki.

"Sun yi kaɗan. A sama kamar ƙudaje suke. Ba wasu?"

"Akwai, amma suna kan ƙwai. Ba a sakinsu."

Ashe Mai Walda yana kan soronsa yana kallon komai. Ya sa hannu a baki ya ƙwala murya: "Hajiya! In na tsoho ba su isa ba, ku tsallako nan, a nan ake garke!"

Shi ke nan. Abin da daɗin bakin Darakta ya fara, wannan ya ƙarasa. Baffa ya ce, "Ku dawo gobe da sassafe, za ku ga garke."

Washegari ya karya dokokinsa da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya. Ya zuba musu tsaba suka ci har suka bari, don su daɗe a sama. Ya buɗe kowane akurki, ya sa hannu ya ɗaga uwaye daga kan ƙwai, suna saran yatsunsa, ya ture masu 'yan shila waje. Gwaggo kaɗai ya soke a hammata. Rana ta fara leƙowa ta bayan ganuwa, ya ɗaga gora ya kaɗa.

Kai, abin ya yi kyau, wannan ba a musu. Garken ya tashi gaba ɗaya har soro ya yi duhu, ya karkata ta kan hasumiya, hasken safiya ya bugi fukafukan. Darakta ta jawo Baffa ta nuna masa allon, sai ga 'ya'yansa daga sama, abin da bai taɓa gani ba tun da aka haife shi. Kullum cikinsu yake gani, yau ga bayansu, ga lungunan garin suna gudu a ƙarƙashinsu. Hawaye ya zubo masa, bai ɓoye ba.

Sai mai jirgi ya kutsa cikinsu. Garke ya tsage biyu, ya haɗe, ya ƙara sama. Ya bi su ta kan kasuwa, ya koro su, ya sake bi.

"Ya isa haka," in ji Baffa. "A sauke shi in kira su."

"Saukarsu muke so yanzu," in ji Darakta. "Kawo shi saman soron. Baba, kira su."

Jirgin ya zo ya tsaya daidai kan akurkai yana ƙugi. Baffa ya yi fito. Garken ya juyo, ya zo har ana jin iskarsa, ya ga abin da ke tsaye, ya watse sama. Ya sake fito, suka sake zuwa, suka sake komawa, kowane zagaye yana fin na baya nisa.

"Don Allah ku ɗauke shi! Ba za su sauka ba!"

"Ɗan jira Baba, hasken nan ba zai dawo ba. Ci gaba da ɗaga hannun nan, ka yi kyau sosai."

Ya juya wajen Manaja. "Ɗana, ka yi musu magana!"

Manaja waya yake amsawa, ya ba da baya, yatsa a kunne.

Dabara ɗaya ta rage masa. Ya zaro Gwaggo ya cilla ta da dukkan ƙarfinsa. A daidai lokacin mai jirgi, da ya ga farin tsuntsu zai yi kyau a kusa, ya sauko da abinsa. Aka ji ƙara kamar an yaga ƙyalle. Farin gashi ya cika iska, Gwaggo ta faɗo tim kusa da kaskon ruwa tana juyi a kan fiffike ɗaya. Garken kuwa ya gani. A wajensu shaho ya kama uwarsu a tsakar gidansu. Suka tarwatse ta ko'ina, suka yi sama har suka zama ɗigo-ɗigo. Can gefe Mai Walda ya riga ya saki nasa, yana kaɗa gora, yana kwashe duk wanda ya ruɗe. Sauran suka miƙa ta kan kogi.

Mai jirgi ya sauke kayansa ya tsuguna yana duba farfela, yana tsaki, don ɗaya ta tsage. Darakta ta dafa ƙirji ta ce, "Wayyo, baiwar Allah. Yi haƙuri Baba. Amma za su dawo ai, tattabara ba ta mance gida." Ta mayar da tabarau. Suna da wani tsohon birni da za su kai kafin rana ta yi zafi.

Kafin azahar 'yan shila suka fara kuka. Wanda bai taɓa jin kukan ɗan shila mai yunwa ba, ya gode wa Allah. Baffa ya jiƙa tsaba, ya tauna da sauran haƙoran da suka rage masa, ya dinga ɗura musu daga bakinsa, yana bi akurki-akurki da rarrafe. Ƙwai suka yi sanyi. 'Yan shilan suka dinga mutuwa, yau a kwashe waɗannan, gobe waɗancan, ƙanana tukuna sannan manya. Matar Manaja ta aiko a ce masa wari yana saukowa har ɗakinta.

Ya haɗiye girman kai ya tafi shagon Mai Walda. Ya same shi yana ƙona ƙarfe, ya tsaya har ya ɗaga gilashin fuskarsa.

"Maƙwabci, uwayen kawai nake roƙo. 'Ya'yansu na mutuwa."

"Waɗanne uwaye?"

"Waɗanda suka sauka wajenka."

"Au, nawa kake nufi?" Mai Walda ya yi dariya har da riƙe ciki. "Baffa, wa ya koya min dokar nan? Ka gaida gida!"

Wasu 'yan kaɗan sun so dawowa. Bayan kwanaki aka fara ganinsu da safe a kan katangar soro, a tsorace, suna leƙen sama. Da an bar su da shiru da sun shiga. Amma a makon ne Manaja ya gano wai tankin ruwa na kan soro yana yoyo, ya kawo ma'aikata, kuma wa ya samu aikin in ba Mai Walda ba. Tun safe har yamma guduma da tartsatsi. Tsuntsayen suka duba, suka duba, suka tashi, ba a sake ganinsu ba.

Gwaggo dai ba ta mutu ba. Baffa ya ɗaure mata fiffiken da tsinken tsintsiya da zare, ya sa ta a kwando kusa da filonsa. Ta warke, amma tashi ya ƙare, fiffiken yana jan ƙasa. Ran nan Manaja ya hau da Tela, wai su duba lafiyar Baffa. Ya leƙa akurkai, wayam. Ya leƙa kwando.

"Baffa, tsakani da Allah, tsuntsun da ba ya tashi ai kaza ce."

Tela ya gyara hula ya ce, "A'a, Manaja. Ina wurin. Tattabara mahaifinka ya ce, bai ce mai tashi ba."

Manaja ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, Baba Tela. Allah ya ba ta tsawon rai."

Daga ranar Baffa bai ƙara sauka ba. Ya san duk abin da ya rage masa a duniya yana cikin kwandon nan: ɗakinsa, iskarsa, wurin da yake miƙe ƙafa ba wanda ya ce ya matsa. A nan yake salla, a nan yake wanka da ruwan tanki. In kyanwa ta leƙo ya jefe ta da takalmi. Gashinsa ya yi buzu-buzu, rigarsa ta yi dauɗa. Yakan zauna da Gwaggo a cinya yana yi mata hira, yana ce mata, "Ni da ke ne, tsohuwa. Kada ki kuskura ki riga ni." Tsoro ne ya cika shi, tsoro mai hana barci, kuma ya san da hannunsa ya buɗe akurkan nan.

Watanni suka wuce. Sai ga Manaja ya hau bayan azahar, da sabuwar riga a ninke a hannu.

"Baffa, yau za a nuna fim ɗin a talabijin, bayan la'asar. Na gayyaci maƙwabta. Kai ne babban baƙo. Ga mai aski can ƙasa yana jira, an ɗora maka ruwan zafi."

"Ba na sauka."

"Ba ka son ganinsu?"

Nan ya kama shi. Ba rigar ba ce, ba girmamawar ba ce. 'Ya'yansa za a nuna, dukkansu, da rai, suna tashi. Babu wani wuri a duniya da zai sake ganinsu sai a cikin akwatin nan. Ya ɗauki kwando.

Matar Manaja tana bakin matakala ta ce, "Haba Baffa, a falo? Kan kafet, gaban baƙi? Bar ta ta huta, wa zai taɓa ta?"

Ya tsaya, ya dubi kwando, ya dubi matakala. Ya mayar da Gwaggo ɗakin kwano, ya zuba mata tsaba, ya ɗora dutse a kan murfin, ya ja ƙofa ya ɗaure da waya. Ya ce mata yanzu zai dawo.

Aka yi masa aski a zaure, mai askin yana ta jan hira. Aka kai shi wanka. Aka sa masa riga da turare, aka zaunar da shi a kujerar marigayi, ga Tela a dama, ga Mai Walda can bakin ƙofa, falo ya cika. Fim ya fara da duwatsu, da garken shanu suna ƙetare ruwa, da masunta, da masu rini, duk daga sama, ana kiɗa mai taushi. Nasu garin sai can ƙarshe. Ana cikin haka matar Manaja ta shigo da faranti, ta raba wa baƙi lemo da biskit, shi kuma ta durƙusa ta ajiye masa ɗan kwano mai murfi.

"Romo ne, Baffa, naka kai kaɗai. Ka rame da yawa."

Rabonsa da nama ya manta. Idonsa na kan talabijin, ya sha, ya tsotse ƙasusuwa, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Gishiri ya ji."

Sai ga ganuwa, ga hasumiya, ga rana tana fitowa. Sai ga su. Baffa ya miƙe tsaye bai sani ba. Yana nuna su da yatsa yana kiran sunayensu, ga Mai Wuya, ga Ɗan Baƙi, ga Amarya can a gefe kamar kullum. Wata murya mai zurfi tana cewa tun kakanni mutanen wannan gari suke zaune da tsuntsayensu cikin amana, kuma duk inda suka je gida suke dawowa. Aka nuno wani ɗan tsoho ƙarami a kan soro yana ɗaga hannuwa sama. Roƙo yake a ɗauke jirgi, amma da kiɗan sai ka ce murna yake. Da garken ya karkato, Baffa ya sa yatsu a baki ya yi fito, a tsakiyar falo, da dukkan ƙarfinsa. Falo ya fashe da dariya, har da masu share hawaye. A allon kuwa farar tsuntsuwa ta tashi daga hannun tsohon, sai aka yanke, aka koma kan kogi.

Aka yi tafi. Bai tsaya gaisuwa ba, ya nufi matakala yana haki, don ya ba Gwaggo labari. A saman matakalar ya tarar da ƙofar soro a rufe, da sabon kwaɗo mai ƙyalli. Ya ja, ya buga, ya kira. Ya juyo, ga Manaja a ƙasa, ga matarsa, ga maƙwabta sun taru a bayansu.

"Buɗe min. Tana ciki."

Matar ce ta amsa, a hankali, da ladabi. "Baffa, tsohuwar nan ta sha wahala. Na hau shanya na gan ta tana numfashi sama-sama, na ce kada ta yi mushe a yi asara. Mun hutar da ita. Kuma ba bare ya ci ba, kai ka sha abinka."

Baffa ya dafa bango. Ɗanɗanon yana nan a harshensa.

Manaja ya juya wajen jama'a ya ce, "To, ku shaida. Ban saɓa wa mahaifina ba ko da rana ɗaya. Yau babu tattabara a soron nan. Ko ba haka ba, Baba Tela?"

Tela yana kallon takalminsa. An riga an ba shi ɗinkin labule da rigunan tebura. Ya ce, "Haka maganar take."

Ba a kore shi ba, kada a yi wa Manaja sharri. An share masa ƙarƙashin matakala, inda ake ajiye tsintsiya da bokiti, aka sa katifa. In ya miƙe sosai kansa yana bugun siminti. Sama kuwa an fasa akurkai, an yi fenti, an jera tebura, Mai Walda ya yi ƙarafunan baranda. Tun da fim ɗin ya fita baƙi suke tambayar soron mai tattabaru, kuma Manaja ya kafa babban allo da ke maimaita wurin nan safe da yamma.

Amma baƙi ba su ƙoshi da allo ba, suna tambaya ina tsohon. Don haka duk safiyar da wuri ya cika, Manaja yakan leƙo ƙarƙashin matakala ya ce, "Baffa, sa rigarka." Kuma yana sawa. Ita ce kaɗai hanyar da zai taka soron nan. Ya hau a hankali, a miƙa masa gorarsa, an ɗaura mata sabon ƙyalle mai launi, ya tsaya inda kaskon ruwa yake a da. Ya kaɗa wa sararin da ba komai, ya sa yatsu a baki ya yi fiton nan mai hawa biyu. Baƙi su ɗaga wayoyi, su yi tafi. Shi ba ya ko kallonsu. Idonsa yana kan soron Mai Walda, inda duk sanda ya yi fiton wasu tsuntsaye sukan daina ci su ɗaga kai, su miƙe wuya suna neman inda kiran ya fito. Sai Mai Walda ya ɗebi tsaba ya watsa musu, su sunkuya.